Mijina ya ƙi yi wa lauyansa magana

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. Maigidana makanikin babur ne. Wata huɗu ke nan yana tsare, saboda an samu babur ɗin sata a garejinsa, wanda wani ya kawo gyara bai dawo ba. Ba mu da halin ɗaukar lauya, sai kotu ta ba shi na kyauta. Ranar zaman farko ya hango lauyan a baranda suna hira da mai gabatar da ƙara, har da tafawa. Tun daga nan ya ja bakinsa ya tsuke, wai bakinsu ɗaya. Sau biyu lauyan yana zuwa gidan yari, amma maigidan nawa ko zancen maƙwabcinsa mai walda, wanda a gabansa aka kawo babur ɗin, ya ƙi yi masa. Ni ma ya hana ni zuwa wurin lauyan. Surukata kuma ta ce ya amsa laifi kawai a huta. Saura kwana tara a koma kotu. Yaranmu uku, autar da ta ji ƙarar babur sai ta ruga ƙofa. Ban taɓa saɓa masa ba. Yaya zan yi?

Matar Makanike

'Yar'uwa, maigidanki ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi. Shi ba ya gaisawa da makanikin da ke ƙwace masa masu gyara? Lauyoyi a baranda ɗaya suke yini. Da gaba suke yi bayan kowace shari'a, da ko biro ba mai ara wa wani.

Ban ce tsoronsa banza ba ne. Na karanta shari'o'in da lauyan kyauta sai a gaban alƙali ya fara ganin fuskar wanda yake karewa. To wannan har sau biyu ya taka da ƙafarsa ya je gidan yari, kuma sirrin mijinki amana ce a wuyansa.

Shawarar surukarki ki karɓa da ladabi ki ajiye. Wanda ya amsa laifi da bakinsa, janyewa wuya gare ta.

Ki je ki faɗa wa maigidan ido da ido cewa za ki kai mai walda wurin lauya, sannan ki kai shi tun a makon nan. Ba zan yi miki alkawarin za a sake shi ba, wannan ya fi ƙarfina, ya fi naki. In ya yi fushi, ƙyale shi ya yi. Fatanmu ya zo ya ƙarasa fushin a gida.

Allah Ya ba ki haƙuri, Ya fitar da shi lafiya.