Rasuwar Dada Barira, Mai Tukwanen Makarantar Unguwar Kabo

Cikin alhini da sanyin jiki, mu Ƙungiyar Mata Masu Sayar da Abinci a ƙofar Firamaren Unguwar Kabo, ta ƙasar Gaya, muka samu labarin rasuwar uwarmu kuma shugabarmu, Dada Barira ungozoma, matar marigayi Malam Maiwada, wadda Allah Ya karɓi abarsa ranar Alhamis da hantsi, a ɗakinta, bayan jinyar ƙafa da tsufa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na roƙi Malama Lami, da take rubuta mini wannan, ta sa a fili cewa ba ciwon nan na amai da gudawa ne ya ɗauke ta ba, don kada wani ya ji tsoron zuwa gaisuwa.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mai Girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninsa, da Dagaci, da Mai Unguwa, da Liman, da Hedimasta Malam Gwadabe tare da malamansa, sannan ga babban ɗanta Malam Abdulsalam da ƙannensa mata da ke aure a Ajingi da Kademi, da duk wanda ta yanke wa cibiya, su kuwa ba sa ƙirguwa. In na tsallake wani babba a yafe mini, ban taɓa magana da hukuma ba.

Wanda bai sani ba ya sani. Shekara uku ke nan, da daminar da amai da gudawa ya shigo mana, wanda malaman asibiti ke ce wa kwalara, Allah kada Ya maimaita, mutum sai ku gaisa da safe, la'asar an kai shi. Iyaye suka fara janye yara, aka ce za a rufe makaranta. Dada ta ja ƙafarta har gaban Hedimasta, ta ce in an rufe ina yaran za su, in ba kududdufi da gidajen makoki ba? A bar mata su. Duba-gari ya riga ya zo daga Gaya ya ce cutar a ruwa take, a tafasa, mu dai muka ji muka watse. Ita kaɗai ta riƙe maganar. Ta sa aka ɗauko manyan tukwanenta uku na wankan jego, aka girka su a gindin tsamiyar makaranta don tafasa wa yara ruwan sha.

Masu wucewa kasuwar Ajingi suka samu abin tsokana. Sai su ce, “Dada, wa ya haihu a makaranta, Hedimasta ne?” Ta ce, “Shi ne, ’ya’ya tamanin da huɗu, ranar suna ku zo da itace.” Wallahi wasu sun zo da shi. Randar sadaka da ke bakin hanya, wadda kowa ke tsoma moɗa ɗaya a ciki, ta kife ta, aka yi ta zaginta wai ta hana matafiyi ruwa, alhali ba ta hana kowa ba, ita dai ba a sa mata hannu a tukunya, da dogon ludayi take zubawa. Kowane yaro ta sa aka rataya masa ƙoƙonsa da zare a wuya. Mu masu abinci kuwa ta hana mu fura da kunun zaƙi, sai abin da aka sauke daga wuta a gaban idonta. Ni mai fura ce, na koma ƙosai ina gunaguni.

Yanzu zan faɗi abin da na riƙe shekara uku, ina tsoro, amma zan faɗa. Ni aka bar wa tukunyar tsakiya. Ana kaɗa ƙararrawar tara yara su zo da ƙishi, ruwa bai huce ba, suna kuka. To ni duk rayuwata, in ruwa ya yi zafi sirka shi ake yi, haka uwata ta koya mini. Sai na riƙa ɗebo na rijiya ina sirkawa, kwana uku, ina ganin tausayi nake musu. Rana ta huɗu wata yarinya ’yar aji ɗaya, Gaji, ta faɗi a fili tana amai. Dada ta dubi gugan da ke hannuna, ta dubi tukunyar, ta gane. Ta tuntsurar da ruwan duka a ƙasa, ta goya yarinyar, da wannan ƙafar tata, har sai da aka samu jaki ya kai su asibiti. Kwana biyar ba na iya cin abinci, ina jiran a zo a ce ta cika, a zo a kama ni. Gaji ta tashi. Da iyayenta suka tambaya, Dada ta ce laifinta ne, ba ta koya wa matanta da kyau ba. Ni kuwa abu ɗaya ta ce mini: “Hansai, wannan ba na wanka ba ne, na ciki ne. Ki dafa tun da sassafe ya huce da kansa.” Iyayen Gaji, ni ce. Ku yafe mini, ku wanke ta.

Ga abin da muke so a rubuta da manyan baƙi. A garin nan mun binne manya da yara a waccan damina, amma a cikin ’yan makaranta tamanin da huɗu ko ɗaya ba mu binne ba. Ba a rufe makaranta ko yini ɗaya ba. Iyayen da suka janye nasu da kansu suka dawo da su, da ƙoƙo a wuya. Daga Kademi aka turo mata su ga yadda ake yi. Tsohuwar da ba ta san bihim ba, Allah Ya ba ta nasarar da duba-gari ya cire hula ya gaishe ta. Alhamdulillahi.

Malam Abdulsalam, ga roƙonmu. Damina ta kama, kuma fatake suna cewa an fara jin ciwon a wasu garuruwa. Mun san tukwanen nan gadonku ne, ƙannenka suna da haƙƙi a ciki. Ku ba mu aronsu zuwa kaka. Mu bakwai mun raba kwanaki, kuma duk wadda aka gani da guga kusa da tukunya, ni da kaina zan kore ta.

Allah Ya jiƙan Dada Barira, Ya yafe mata, Ya shayar da ita daga tafkin Alkausara. Allah Ya ba ’ya’yanta da jikokinta haƙurin wannan babban rashi, Ya tsare mana yaran mutane. Amin.

Ni ce na faɗa, aka karanta mini, na dangwala hannu,

Hansai Mai Ƙosai
Muƙaddashiyar Shugaba, Ƙungiyar Mata Masu Sayar da Abinci,
Firamaren Unguwar Kabo, ƙasar Gaya
Litinin, 10 ga Yuni, 1974