Ni na ɓata mata littafin shinkafa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana don Allah. Masu saurin zagi kuma ku karanta har ƙarshe tukuna, abin da ke cina ya ishe ni.

Ni malamar makaranta ce a garin Garwa, na kuma daɗe ina rubuta labaran soyayya. Wata ƙaramar ƙungiya ta tara mu mu rubuta wa yara littattafan Hausa a kan abubuwan gaskiya: kogi, kifi, noma. Wallahi raina aikin na yi. Ni da nake sa manyan mata kuka, ni za a ce in zauna ina bayanin dorina? Na zauna a ɗakina na zuba abin da ya zo mini. Ranar taro sai wata abokiyar aikinmu, bari in kira ta Asta, ta ɗaga takarduna a gaban kowa ta ce, "Adda, kin taɓa ganin dorina kuwa da idonki?" Aka kwashe da dariya har da shugaban ƙungiya. Yarinyar da na girme wa da shekara goma! Wadda Hausarta ma rabi Fulatanci ce, ko "Yaya" ba ta iya cewa sai "Adda"!

Ita an ba ta noman shinkafa. Ta je har garin Yagwa ta yi kwanaki wajen wani tsohon manomi, ta dawo tana ta iyayi da littafin rubutunta. Da yake ni ce mai gyaran Hausa, aikinta ya biyo ta hannuna kafin bugu. Nan shaiɗan ya hau ni. Na cire shafin da ta bayyana yadda ake renon iri a gefe kafin a yi dashe cikin ruwa, na rubuta cewa sara ake yi a zuba iri a take da diddige, kamar gero. Aka buga haka, da sunanta da na tsohon a bango.

Ni kuma haushin dariyar nan ya kai ni bakin kogin Binuwai, inda dorina take. Na je ne kawai don in rufe mata baki. Sai ga ni kullum wajen masunta da masu wanki ina tambaya kamar mahaukaciya. Ashe dorina ciyawa take ci! Ashe ɗanta a ƙarƙashin ruwa yake shan nono! Da na karanta wa 'yan ajina sabon rubutun, ajin da ba ya shiru ya yi tsit, wata ta ce, "Madam, da gaske ne?" Na ce da gaske ne, kuma ban taɓa jin daɗin wata kalma tawa irin na ranar ba. Yanzu ko soyayyar ba na iya rubutawa.

To littafin Asta ya isa Yagwa. 'Ya'yan manoma suka mai da shi abin dariya, tsohon ya aiko cewa ta yi masa ƙarya ta zubar masa da mutunci. Shugaba ya dakatar da ita. Ta zo har gidana idonta jajir ta ce, "Adda, ba ki ajiye takarduna na asali ba?" Na dube ta na ce na mayar ofis. Suna cikin akwatina.

Kada ku ce ina sonta, har gobe in na tuna muryarta raina ɓaci yake. Amma yanzu na san wahalar da ake sha kafin a samo gaskiya guda a ba yaro, kuma na san me na lalata. Jiya shugaba ya kira ni ya ce ni zan je Yagwa in sake rubuta littafin, don ni ce amintacciyarsu. In na faɗi gaskiya za a kore ni daga aikin da sai yanzu na samu ina so. In na yi shiru, zan zauna gaban tsohon nan yana zagin Asta ina rubutawa.

Ranar Litinin motar zuwa Yagwa za ta tashi. Me zan yi?