Shasin da Zai Ɗauki Motar Kakanku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Ishawu Abdulai na unguwar Maamobi nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina yana tare da ni, ba kuma wanda ya tsaya a kaina. Jikin ne ya ƙi. Likita ya ce za a yi mini aiki a ciki, kuma bai dube ni ba lokacin da yake faɗa. Na saba rubuta abin da ya faru kullum, washegari in koma in gyara. Wannan ban san ko zan samu gyara shi ba, don haka 'ya'yana Ruhaina da Dramani, ku karanta a hankali.

Na ɗaya. Ɗakuna da kayan shago, limamin masallacinmu ya raba su yadda addini ya ce. Kada kowa ya hanzarta mahaifiyarku Mariam, kada kuma ta sa hannu a takardar da Ruhaina ba ta karanta mata ba.

Na biyu. Tsohuwar motar nan ƙirar Fodi da ke bayan gida ƙarƙashin tamfol. Da ita kakanku ya yi dakon goro daga Kumasi. Da ya rasu, ƙanena, Babanku Mutawakilu, ya ɗauki rumfar kakanku ta Sabon Zongo, ni na ɗauki motar, kowa ya ce an cuce ni. Bodinta yana nan lafiya. Babban injin da na tanada mata yana nan. Abin da ya rage shi ne shasi, ƙarfen ƙasa da bodi da inji za su zauna a kai, domin nata na asali tsatsa ta cinye shi. Ina roƙo a saka motar cikin rabon Dramani, idan kun yarda. Takardunta su zauna hannun Ruhaina. Dramani, kada ka ji haushi. Kai kana son abu ka gama jiya, ita kuwa tana tambaya.

Na uku, kuma shi ne ya sa na zauna rubutu. Shasi biyu ne a gabanku. Ɗaya yana garejin Braimah mai walda a Kotobabi, mummuna ne, ja da tsatsa. Ɗayan shi ne wanda Baba Mutawakilu ya kawo mana kyauta a bayan tipa bayan Sallah, baƙi wul, yana sheƙi. Na ga yadda idonka ya yi da ka gan shi, Dramani. Kada ka ɗora motar a kansa.

A garin nan ba wanda yake ɓata fenti a kan tsohon ƙarfe sai yana da dalili. Na Braimah na buge shi da guduma daga gaba har baya, yana amsawa da ƙara mai kyau, tsatsar a fata take kawai. Baƙin kuwa, na zura waya a ramin gefensa, ta fito da busasshiyar laka mai warin gota, wato kwata. Wannan ƙarfen ya kwana cikin ambaliya, yana ruɓewa daga ciki. Na ja zare daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, na juya na auna ɗaya ɓangaren, ba su zo daidai ba, ke nan ya karkace. Inda lambar shasi ya kamata ta fito kuma fenti ya yi kauri fiye da ko'ina. Injin nan yana da ƙarfi. Ranar da ka taka shi a babban titi, ƙarfen da ya ruɓe daga ciki ba zai yi maka sallama kafin ya karye ba.

Na huɗu. Me ya sa Mutawakilu ya kawo shi? Ban sani ba, kuma abin yana cina. Mutumin da bai taɓa tambayar motar nan ba, sai da na fara rama ya zo da kyauta. Ya taɓa shigo da wani baƙo ya ɗaga tamfol yana ɗaukar hoto, ni ban gayyace su ba. Wani lokaci ina ganin so yake aikin ya lalace ku gaji ku sayar da motar. Wani lokaci ina ganin ƙarfe ne mai matsala yake so ya fita daga hannunsa ya koma sunan Dramani. Sai kuma in tuna Mutawakilu tela ne, bai san ƙarfe ba, mai yiwuwa shi aka cuta, ya ɗauko da zuciya ɗaya don ya faranta wa yayansa marar lafiya. Ciwo yana sa mutum zargi. Zare kuma da hannun marar lafiya na ja shi. Ina iya yin kuskure a kan ɗan'uwana. Lakar dai na gan ta, na shinshina ta.

Na biyar. Kada ku mayar masa da shasin, kada kuma ku bar shi a gefe ku yi shiru. Bayan raina shi ne ubanku, shi zai ba da auren Ruhaina, mayar masa da kyauta kuwa zagi ne da dangi ba za su manta ba. Ga abin da za ku yi. Bayan sadakar arba'in, ku kira shi, ku kira Braimah ma. Ku ce kuna so a fara aiki da albarkarsa. Ku ba shi bakin zaren ya riƙe da kansa, ku ba shi wayar ya zura da hannunsa. Braimah ya kankare fentin wurin lambar a gabansa. Kada ɗayanku ya ce komai. Ku bar shi ya faɗa da bakinsa cewa ƙarfen bai yi ba, sannan ku ɗauko na Kotobabi.

Ruhaina, ke ki dubi fuskarsa lokacin da lakar za ta fito. Idan ya firgita, na zalunce shi, ku nema mini gafararsa. Idan bai yi mamaki ba, ki riƙe a ranki, ki ƙara tsare takardun, kada ki faɗa wa ko mahaifiyarki.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a hanya da a gida, Ya ba Mariam haƙuri. Kada tsohuwar mota ta raba gidan Abdulai. Duk abin da kuka gani a fuskarsa ranar nan, ku zuba masa abinci, ku raka shi har bakin titi, ku ci gaba da kiransa Baba.

Mahaifinku,
Ishawu Abdulai