Awa Goma Sha Biyu a Rami

Mufulira, 9 ga Maris

Yaya Kalaba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Maman Chanda da yara. Busasshen kifin ya iso, mun gode.

Tun farkon shekara kamfani ya canja wa masu shiga ramin haƙar ma'adinai lokacin aiki. Awa takwas ɗin da ka sani ta tafi, yanzu shida na safe zuwa shida na yamma ne, kwana huɗu a jere. Mazan ma da kansu suka ɗaga hannu a taro, wai za su samu hutun kwana biyu. Mijina, Baban Mapalo, har yanzu shi ke tuƙa ƙaramin jirgin da ke jan taragun dutse a ƙasa. Shekaranjiya ya wuce gidanmu, sai da ya kai bakin kasuwa ya gane. Muka yi dariya, amma ni a baki kawai.

A asibitin kamfani ina ganin abin da ba na so. Da safe shiru, har mu sha shayi. Daga ƙarfe huɗu sai a fara kawo su, wannan yatsa, wancan kafaɗa. Na gaya wa likita, ya ce, "Sista Nsofwa, ke nas ce ko agogo?" Daga baya ya ce in rubuta. Na rubuta, an karɓa.

Ƙanwarka,
Nsofwa

Samfya, 24 ga Maris

Nsofwa,

Muna lafiya, tafki ma lafiya. Ki gaida wannan mijin naki mai ɓata hanyar gida, ki ɗaura masa ƙararrawa kamar akuya.

Ban da wasa. Shekara ashirin da uku na yi a ramin nan, na bar yatsu biyu a ciki. Dutse ba ya faɗowa sai ya yi ƙara tukuna, 'yar ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Da safe kowa na jin ta. Bayan awa takwas a wannan zafi kunne na nan, mai kunnen ne ba ya nan. Nawa yatsun ranar da na ƙara awa biyu suka tafi. Wanda ya tsara sha biyu, ki tambaya ko ya taɓa wuce ƙofar ofis.

Ki ce masa ya je wurin 'yan ƙungiyar ma'aikata. In ya ƙi, ya zo in koya masa jefa taru.

Yayanki,
Kalaba

Mufulira, 2 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna.

Ka tuna Sikazwe, maƙwabcinmu, wanda ya tsaya wa Baban Mapalo ranar aurenmu? Shi ke haɗa taragu a layin. Ranar Alhamis ta makon jiya, kwana na huɗu, biyar saura kwata, yana tsakanin taragu biyu ya ɗaga fitila a tsaya. Jirgin bai tsaya ba. Baban Mapalo ke tuƙi.

Ina bakin aiki aka shigo da Sikazwe. Ni na yanke wandon. An cire ƙafar dama daga gwiwa, ta hagu ana jira a gani.

A gida na ce wa Baban Mapalo, "Barci ka yi?" Ya ce, "Maman Mapalo, idona biyu. Na ga fitilar, na san me take nufi. Ina kallonta, hannuna bai tafi birki ba."

Kwamitin bincike ya zauna jiya. Sun auna shi, ba giya. Sun duba birki, lafiya lau. Na nemi a bar ni in faɗi abin da nake gani a asibiti, shugaban ya ce, "Madam, zancen lokacin aiki ba ya gabanmu." Ɗan ƙungiya yana zaune yana kallon takalminsa, ai su suka sa hannu. Aka rubuta sakacin direba.

Da ƙyar na ja shi ya je duba Sikazwe. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Sikazwe ya ce, "Shigo mana, direban banza. Da ni ke kan injin, kai ke kan gadon nan." Matarsa Namukolo ba ta ɗago kai ba. Katangarmu ɗaya, tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Ban san me zan roƙa a coci ba.

Nsofwa

Samfya, 15 ga Mayu

Ƙanwata,

Na karanta sau uku. Na fita bakin ruwa na dawo, ba ni da dabarar da zan ba ki. Wannan hannun da ya ƙi motsi na san shi, amma ba kwamitin da zai kira tsoho mai kamun kifi.

In sun kore shi ku taho. Ɗakin marigayiya Mama na nan, zan canja rufin. Rogo da kifi ba sa ƙarewa. Ki ce masa ba wanda zai tambaye shi komai a nan.

Allah ya ba Sikazwe lafiya.

Kalaba

Mufulira, 29 ga Mayu

Yaya,

Mun gode, amma kar ka taɓa rufin. Ba su kore shi ba. Gargaɗi suka ba shi a takarda, suka ce direbobi sun yi ƙaranci, ya koma kan jirginsa. Gidan nan na kamfani ne, makarantar su Mapalo ma haka. Ya sa hannu.

An cire wa Sikazwe ƙafar hagun ma.

Yau na raka Baban Mapalo bakin titi, abin da ban taɓa yi ba a shekara sha huɗu. Ya ce, "Koma gida, mutane na kallo." Ya hau motar ma'aikata bai waiwayo ba.

Yanzu ƙarfe tara na safe, saura awa bakwai huɗu ta yi. Ka gaida mutanen gida.

Nsofwa