Muryar Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Na kira wayarka har yatsana ya gaji, kullum a kashe. Shi ya sa na koma takarda kamar 'yar makaranta, na ba direban da ke kawo mini yadi ya miƙa maka a wurin aikinku.

Maganar Mama ce. Ka san yadda mantuwarta ta yi nisa. Takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, takan nemi tabarau alhali yana kan hancinta. Abu ɗaya ne ba ya ɓace mata, ranar da ake nuna shirin Mai Agogo. Tun da ka fara ɗora muryarka a bakin mutumin nan da ke murɗa agogo ya koma shekarun baya, ta ɗauka kai ne. Na sha gaya mata fassara kawai kake yi, fuskar ta wani ce can a wata ƙasa. Sai ta harare ni ta ce, "Ni za ki gaya wa ɗana? Ƙiba ya yi." Na ƙyale ta, tun da hakan na sa ta dariya.

To, ka san abin da kuka nuna a makon nan. Falonmu cike yake da maƙwabta kamar kullum. Da agogon ya fashe a hannunsa, ya tsaya a bakin tagar gidansu na da yana kallon uwarsa, ya ce, "Mama, kada ki jira ni, ba zan dawo ba," sai wuri ya ruɗe. Makaniken unguwarmu ya miƙe yana zagin talabijin. Matar mai kemis ta rungume Mama tana kuka tana cewa, "Ya tafi ke nan, Mama." Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ba zai dawo ba?" Suka amsa mata baki ɗaya, ba zai dawo ba. Ni ina kicin, ban fito ba sai da aikin gama ya gama.

Tun ranar abinci sai na yi da gaske take taɓawa. Kujerarta da ke fuskantar ƙofa ta sa na juya mata ita bango. Na rantse mata kana raye, ta ce in daina wahalar da kaina, da kunnenta ta ji.

Ka zo, Auta. Ba aike nake so ba, kai nake so ta gani.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane, ina gaida maigidanki, ina gaida Mama in za ta karɓa. Takardarki ta same ni.

Ba iskanci ne ya sa na kashe waya ba. Wani ɗan albarka ne ya watsa lambata a zauren sada zumunta na masu kallon shirin. Kafin in wanke fuska an tsine mini ya fi a ƙirga. Wasu sun ce ni na sauya ƙarshen labarin, wai a asalinsa Mai Agogo ya dawo gida. Wani malamin makaranta ya turo mini dogon bayani a kan yadda za a gyara agogon, har da zane. Wata kuma ta ce mijinta ya rasu bara, kowane mako tana kallo ne don ta ga an koma baya an ceto wani, yanzu na kashe mata shi karo na biyu.

A mota na ce wa direba akwai sauka, wata mata ta juyo ta ce, "Kai ne!" Da ƙyar na sha. Mai askina ya tsaya da aski rabi, sai na gaya masa ko za a dawo da jarumin. Yaya, ni da ke ɗaya muke a wannan. Takarda ake miƙo mini a wani ɗaki mai kama da akwati, in sa abin ji a kunne, in bi leɓen mutum. Kamfanin da ya yi shirin ma ya rufe shi, babu ci gaba.

Abin da ya fi ci mini rai, maganar nan ta bakin taga sai da mai kula da ɗaukar murya ya yi ta mayar da ni, wai babu rai a cikinta. Daga ƙarshe ya ce in tuna da tawa uwar. Na tuna, muryata ta karye, ya tafa ya ce ita ce. Ashe da Mamar nake magana da gaske.

Zuwa yanzu-yanzu zai yi wuya, an ɗora mini wani sabon shiri, ogana kuma ba ya jin uzuri. Gobe da hantsi zan kira ki da wayar abokin aikina, ki sa mata a kunne. Da ta ji ni shi ke nan, kin san Mama da muryata. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Salama da gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, raina a ɓace yake.

Ka ji shirun da ta yi a waya, amma ba ka ga fuskarta ba. Kana ta "Mama, ni ne, Autanki ne," ita kuwa sai ta juya tana kallon talabijin, wadda ke kashe. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Maimaici suke yi. Ki kashe, ba na so." Ka manta ta fi shekara tana jin muryarka daga cikin akwati. Wayar ma akwati ce a wurinta.

Ga kuma wata sabuwa. Matar mai kemis, Allah ya shirye ta, ta ɗauki hoton Mama a waya tana share hawaye, ta tura wa 'yan zaurensu ta rubuta uwar Mai Agogo. Yanzu gidanmu ya zama wurin ziyara. Samari da 'yan mata, har da manya masu furfura, su zo su durƙusa su yi mata gaisuwar rashi, wasu da wasa, wasu da kuka na gaske. Kowa kuma sai ya gwada muryarka. Makanike ya fi kowa ƙwarewa, har da 'yar tarin nan da kake yi kafin magana. Ita kuma tana zaune tana amsawa, "Na gode, Allah ya ba da lada." Jiya na kore su da sandar awo, na rufe ƙofa. Ta yi fushi da ni, wai na hana a yi wa ɗanta addu'a.

Ni kaina ina son shirin nan, kada ka ce ban gaya maka ba. Na yi kuka da na kalli ƙarshen daga baya. Amma yau da zan ga wanda ya rubuta shi, da ni da shi sai an raba.

Likita ya duba ta. Ya ce jikinta ba ya da wani sabon ciwo, rashin ci ne ke ƙarar da ita, kuma irin wannan tunani in ya zauna a kansu ba a cire shi da gardama. Zanenta yanzu sai na ninka shi sau biyu a ƙugunta. Ka gaya wa ogan naka uwa ɗaya gare ka. In ba za ka iya ba, ba ni lambarsa.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso kin tafi asibiti karɓo magani, maigidanki ne ya buɗe mini ya wuce aiki. Na bar miki wannan a kan keken ɗinki, don ba zan iya tsayawa in faɗa da baki ba. Ki yafe mini tafiya babu sallama.

Na same ta a kujerar nan, fuskarta ga bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a irin ta baƙi, ta tambaye ni mutanen gida. Na ce, "Mama, ki dube ni, ni ne Auta." Ta sa tabarau ta dube ni sosai, ta daɗe tana duba. Na yi zaton ta gane ni, har na fara murmushi. Sai ta ce, "Kai ma ka iya. Amma shi muryarsa ta fi taka kauri."

Na nuna mata tabon da ke gwiwata. Na faɗi sunan Baba, na faɗi launin ƙofar gidanmu na da, na rera mata waƙar da take yi mini in zan tafi makaranta. Ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce lalle na san shi sosai, ko tare muka yi karatu? Na ce tare. Ban san lokacin da bakina ya faɗi haka ba.

Daga nan ta kama ba ni labarina. Wai yaro ne mai surutu, ba ya son wanka, kuma tun yana ƙarami ta san ba mazauni ba ne. Ta ce ba ta jin haushinsa, tun da ya tsaya ya yi mata sallama, wasu ko hakan ba sa samu. Da ta ga hawaye a idona sai ta dafa kaina ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Ni da na haife shi ma na haƙura."

Akwai abincin da kika rufe mata a kan tebur. Na ɗauka na ce ta ci, ta ce in ci gaba da magana tukuna. Ina magana tana ci, har ta kusa cinyewa. Ban san me na faɗa ba.

Yaya, ba ni da dabara kuma. Duk hanyar da zan bi in isa wurinta da murya ce, muryar kuma kowa a unguwar nan yana da ita. Na koma, ko don kada in rasa aikin. Ban ma san amfanin riƙe shi ba.

Ƙanenki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan ka sauka lafiya. Na karanta, na zauna a bakin keke har aka kira ni ban ji ba. Ban yi fushi da tafiyarka ba.

Na gwada sau ɗaya, na ce mata wanda ya zo ɗanta ne. Ta ce in ji tsoron Allah, ta ture kwano, ranar ba ta ƙara cin komai ba. Ba zan sake ba.

Amma tun shekaranjiya take tambayata, ina baƙon nan abokin Auta? Ta ce duk cikin masu zuwa shi ne ba ya yi don a yi dariya. Ta ce in roƙe shi, in ba zai takura ba, ya riƙa leƙowa yana yi mata muryar, ko kaɗan ne, abinci ya fi shiga. Na ce zan aika masa. Ga shi na aika.

Ban san abin da zan ce maka ka yi ba. Wannan karon ba na ba ka umarni.

Yayarka.

*

Yaya,

Salama. Na ajiye aikin. Ina tafe ƙarshen mako, ki gyara mini ɗakin baya.

Ki ce mata baƙon ya amsa. In ta tambayi sunansa, ki zaɓa mini wanda kika ga dama, ki gaya mini a bakin ƙofa kafin in shiga.

Ki gaida maigidanki.

Ƙanenki.