Takardu Sittin, Hannu Ɗaya

Zuwa ga Auta,

Ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki ɗauki waya, kuma kada ki sake kirana da irin muryar da kika kira ni da ita jiya. Idan kin ƙara, zan kashe kamar yadda na kashe. Bayan haka ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Babanki ƙafa ta yi sauƙi, har yana fita ƙofar gida da kansa. Na ba direban da ke zuwa wajenku wannan saƙo ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Kin ce malamar da ke duba aikinki na kammala karatu ta ƙi karɓar takardun tambayoyi sittin da kika bar mini in raba wa matan da ke kawo ɗinki shagona. Wai rubutun hannu ɗaya ne, wai amsoshin sun yi kyau da yawa. Tun da nake ban taɓa jin inda aka tuhumi ɗaliba don amsa ta yi kyau ba. To ga yadda aka yi.

Na raba takardun kamar yadda kika ce. Wata ta cike a kan teburin yanka tana jiran in gama mata kalmasa, wata ta tafi da ita gida ta dawo da ita duk maiƙo, wata ɗanta ya yage gefe. Da na tattara na duba, kunya ta rufe ni. An tambayi ina ake fara zuwa idan yaro ya yi zazzaɓi, fiye da rabi sun ce kemis. Matar mai walda ta rubuta cewa tana raba ƙwayar mijinta biyu ta ba jaririnta rabi. Mai kitso ta ce haihuwa biyar ba ta taɓa zuwa awon ciki ba, kuma ba ta ga abin da ya rage ta da shi ba. Matan nan sun san daidai, da bakina na sha faɗa musu. Son jiki ne kawai.

Ni na yi sakandare, darasin kiwon lafiya kuma ban taɓa faɗuwa ba. Ba zan bari 'yata ta ɗauki shirme ta kai gaban manyan malamai ba. Na sa mai fotokofi ya buga sababbi sittin, na rufe shago kwana biyu, na cike su tsaf, kowace tambaya da amsar da ta dace da ita. Na farkon kuwa na ƙona su a bayan shago, don asirin matan mutane ba abin yawo a mota ba ne.

Wannan shi ne abin da kike kira na rusa miki karatu. Ki je ki gaya wa malamar uwarki ce ta gyara, magana ta ƙare. Allah Ya yi miki albarka, Ya shirya bakinki.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Baba. Ki yafe mini yadda na yi magana a waya, hankalina ne ya tashi.

Mama, takardun nan ba jarrabawa ba ce. Aikina shi ne in gano abin da mata suke yi da gaske idan yaro ba shi da lafiya, ba abin da ya kamata su yi ba. Amsar matar mai walda da kika ƙona, ita ce aikin nawa. Abin da ya dace kowa ya san shi, yana cikin littafi, ba wanda zai ba ni shaida don na kwafo shi.

Na gaya wa Malama ke kika gyara. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce duk shekara ɗalibin da aka kama ya zauna a ɗaki ya cike takardunsa da kansa, sai ya ce ƙanensa ne ko gwaggonsa, uwa ce dai ba a taɓa kawo mata ba sai bana. Ta ce in kawo na farkon. Na ce an ƙona. Ta ce haka ma kowa ke cewa.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama. Idan suka yanke cewa ƙirƙirar amsoshi na yi, kora ce, shekara huɗu ta tafi. Amma wata da ta riga mu ta ce idan ɗalibi ya amsa laifi da kansa ya ba da haƙuri, sukan sa shi ya maimaita shekara kawai. Abin da zan yi ke nan. Zan ce ni na cike.

Don Allah, Mama, kada ki zo, kada ki aiko kowa. Ba zan iya tsayawa ina kallo ana yi miki dariya a ɗakin nan ba. Ki taya ni da addu'a kawai.

'Yarki.

*

Zuwa ga Malama mai duba aikin 'yata,
Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce uwar ɗalibar da za ku zauna a kanta ranar Alhamis. Tela ce ni, shekara ashirin da shida a kan keke. 'Yata ta hana ni rubuto miki, amma ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba.

Za ta zo gabanku ta ce ita ta cike takardun. Ƙarya za ta yi, kuma ita ce ta farko da na san ta da ita. Ban yi rainon yarinya shekara ashirin da biyu don ta sayi shaidar karatu da ƙarya ba, ko da ƙaryar don ta rufa mini asiri ce. Ni na cike takardun nan, duka sittin, a kan teburin da nake yanka yadi.

An ce kin ce kowa haka yake faɗa. To ki duba da idonki. Ga shafi uku na yago daga littafin awona, akwai awon mata tun kafin 'yata ta iya riƙe fensir. Ki ajiye su kusa da takardun, ki dubi lambar bakwai ɗina mai sanda a tsakiya, sannan ki sa ta rubuta miki nata. Bayan haka ki dubi gefen hagu na kowace takarda, za ki ga baƙin layi daga sama har ƙasa. Injin mai fotokofin layinmu ne ke yin sa, duk unguwa an san shi da shi. Wadda 'yata ta nuna miki tun farko kika sa wa hannu ba ta da wannan layi.

Ta yi mini bayani yanzu cewa ku amsar banza kuke nema, ba ta daidai ba. Na ji, ko da yake a zamaninmu wanda ya rubuta a ba jariri ƙwayar manya bulala yake sha. Na ɓata mata aiki, wannan na amsa. Amma ba zan ba da haƙuri don na so 'yata ta fita kunya ba.

Idan kwamitinku na neman wanda zai kora, ga ni, sai dai ban san daga ina za ku kore ni ba. Idan kuna son ganina, ranar Alhamis zan rufe shago in shigo motar safe. Masu dariya su yi, na sha ɗinka wa matan da suka fi su iya dariya.

Ki huta lafiya.

Uwar ɗalibarki.

*

Zuwa ga mahaifiyar ɗalibata,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wasiƙarki ta iso ranar Laraba, na karanta wa kwamiti ita kafin a shigo da 'yarki. Mun duba bakwai ɗin, mun duba layin. Da ta shigo ta fara cewa ita ta cike, shugaban kwamiti ya miƙa mata shafin awonki, sai ta sa kuka.

Ba za a kore ta ba, ba kuma za ta maimaita shekara ba. An ba ta mako uku ta sake aikin, ita da kanta za ta zauna da kowace mace, kowace takarda a manne cikin ambulan. An rage mata maki, domin laifinta ne da ta bar takardun a hannun wani.

Saura magana ɗaya, kuma taki ce. A saman kowace takarda an yi wa matan alkawari ba wanda ya san su da zai karanta. Kin karanta. Kafin 'yarki ta sake tambayarsu komai, dole su san haka, su zaɓi ko za su sake amsawa.

Ga shafukanki na mayar. Na gode.

Malamar.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Babanki na gaishe ki, ya ce in gaya miki shi tun farko bai sa baki ba, kamar wani ya tambaye shi.

Na gaya wa matan, ɗaya bayan ɗaya, a tsaye, ban aiki kowa ba. Mai kitso ta naɗe yadinta da na riga na yi wa alli ta fita, ta ce gara ta kai inda ba a awon cikin mutum tare da awon riga. Wasu sun yi dariya suka ce dama sun san ba zan iya haƙuri ba. Matar mai walda ta dube ni ta ce:

"To Maman Auta, da kika karanta, me kika yi? Takarda kika gyara. Yaron har jiya rabin ƙwaya ya sha."

Washegari na rufe shago na raka ta asibiti, muka yi layi har azahar. Na san za ki ce na sake taɓa miki bincike. Ki rubuta wannan ma a ciki.

Arba'in da uku sun yarda za su sake amsawa. Don cike gurbin sauran sha bakwai, na je na roƙi telar layin baya, wadda shekara tara ko sallama ba ma yi, ta ba ki matan shagonta. Ta yarda, bayan ta sa na maimaita roƙon sau biyu. Ki shigo motar Asabar. Na share miki ɗakin guga, za ki zauna da su a can, ni ina waje a kan keke.

Amma ki ji da kyau. Ranar da kika kawo takardun nan, a bakin ƙofa kika miƙo mini su, jaka a kafaɗa, kika ce in raba kawai. Daga yau a gidan nan, duk wanda zai ba ni aiki, ke ko yayyenki ko babanki, zai zauna a kujera ya yi mini bayaninsa daga farko har ƙarshe, ya amsa duk abin da na tambaya. Wanda ba shi da lokacin zama, ya tafi da aikinsa.

Mahaifiyarki.