Suna da Adireshi

Port Alden, 9 ga Mayu

Zuwa ga mijina Emmett,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Kana shan maganin hawan jinin kuwa, ko yana aljihun kwat kamar kullum? Ka gaida mini Yaya Bernadette, ka ce na gode da ɗawainiya, don ni na san zama da ƙanenta ba ƙaramin aiki ba ne.

Tunda ka rantse ba ka ba waya, ga ni na koma biro da takarda kamar zamanin da kake nemana. Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarka. Ban yi fushi ba. To, na yi, amma ya sauka. Duk sanda na leƙa lambu na ga inda tumatir ya kwanta, sai in tuna yadda na same ka ranar nan, kife a ƙasa, hannuwa bisa ƙeya, jirage uku na wucewa a jere, ina kiran sunanka ba ka gane ni ba. Wanda ya ga haka ba zai iya riƙe fushi ba.

Abin bai ragu ba. Zafi ya shigo, 'yan yawon buɗe ido sun ƙaru, kowa so yake a ɗaga shi sama ya ɗauki hoton benayen tsallaken kogi. Daga tara na safe har faɗuwar rana helikwafta ke tashi bayan kowane minti shida, kuma duk a kan rufinmu suke juyawa. Ranar Lahadi a coci sau huɗu Fada yana tsayawa a tsakiyar wa'azi, daga ƙarshe ya haƙura ya sallame mu.

Ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Majalisar gari za ta zauna ranar 21 a kan hayar filin jiragen, wadda ke ƙarewa ƙarshen Yuni. Sama ta gwamnatin tarayya ce, ba su da iko da ita, amma filin na gari ne, in sun ƙi sabunta hayar an gama. Kansiloli uku namu ne, uku na kamfanin jiragen, saura Desmond Farrell. Desmond ɗin da na sha share wa majina lokacin ina sakatariyar makaranta, yau shi ke riƙe da mu. Na tare shi a bakin gidan burodi, ya ce, "Misis Dombrowski, mutum arba'in ke ci a filin nan. A kawo mini shaida, ba surutu ba."

Shaida kuwa akwai ta. Ka san tsofaffin layinmu ba su iya layin wayar ƙorafi na majalisa ba, latsa ɗaya, latsa huɗu, faɗi lokaci. Concetta maƙwabciyarmu bango take buga mini in jirgi ya wuce, sauran su leƙo ta shinge, ni kuma in kira a madadin kowa. An ce ƙorafin ya haura dubu uku.

Dillalin gidaje ya zo ya auna ɗakuna kamar yadda ka ce. Na bar shi, amma ban ba shi kofi ba. Na ji sharaɗinka: in ba a hana jiragen ba, mu sayar. Shekara arba'in da ɗaya a gidan nan, Emmett. Ni nan nake so ka dawo, ba wani gida ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ban taɓa tambayarka yaƙin nan da ka je ba, ko sau ɗaya. Yanzu ina tambaya. Me kake gani in sun wuce? In baki ya ƙi, hannu ya rubuta.

Ka huta lafiya. Ni ce matarka,
Lorraine

Port Alden, 22 ga Mayu

Emmett nawa,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Bernadette, da fatan kuna lafiya kuma kana samun barci.

Wasiƙarka ta iso ranar Litinin. A tsaye na karanta shafi huɗun nan, a bakin ƙofa, sannan na nemi wuri na zauna. Shekara arba'in da takwas ina kwana kusa da wannan abu ban sani ba. Na ga abin da ka ja wa layi a ƙarshe, cewa kada kowa ya gani. Na yi maka alkawari. Tana cikin jakata, don na kasa barin ta a gida ita kaɗai.

Yanzu kuma ka ji yadda matarka ta rusa aikin shekara biyu da hannunta.

Jiya aka yi zaman. Lauyan kamfanin wani matashi ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya duba jakarsa. Ya haska allo, ya ce ƙorafi dubu uku da ɗari biyu aka shigar, gaskiya ne. Sai ya ce dubu biyu da ɗari tara daga lambar waya ɗaya suka fito. Ya karanta ƙarshen lambar. Kowa a zauren ya san ta, tunda ita ce a jikin takardar gasar kek ta coci tun shekaru. Ya ce, "Ranku ya daɗe, ba gari ne ke kuka ba. Baiwar Allah ɗaya ce da waya da isasshen lokaci."

Aka yi dariya. Ba mugunta a cikinta, amma dariya ce. Concetta ta miƙe da sandarta ta ce, "Kai, mai wuyan kwalba, rabin wannan nawa ne!" Shugabar majalisa, Misis Briggs, ta buga guduma ta ce duk wanda bai cike kati kafin ƙarfe bakwai ba ba shi da magana. Ka dai san dokarsu: kati, minti biyu, suna da adireshi. Desmond ko kallona bai yi ba. An ɗage ƙuri'a zuwa 4 ga Yuni.

Ni fa taimako na ɗauka ina yi. Ban taɓa tunanin injin lamba yake ƙirgawa ba, ba mutane ba. Da na bar kowa ya yi ta fama da wayarsa, ko da sau ɗaya a mako, da yau maganar gida sittin ake yi. Yau da na shiga gidan burodi sai aka ce, "Lorraine, ɗan kira mana a kawo ruwan sama." Na yi murmushi, na karɓi burodina na fito.

Tun safe nake bin gida-gida ina roƙon mutane su zo da bakinsu. Wani aiki biyu yake yi, wata ba mai riƙe mata yara. Hector mai aski ya rantse yana tare da mu, amma surukinsa ke zuba wa jiragen mai, ba zai tsaya gaban kyamara ba. Mutum tara suka ce za su zo. Dillalin ya bugo ya ce ya samu masu so, wasu ma'aurata da ba sa wuni a gida.

Tsoro nake ji, Emmett, ba zan ɓoye maka ba. Ka yi mana addu'a, ko irin taka ta gunaguni ce.

Taka,
Lorraine

Port Alden, 5 ga Yuni

Mijina Emmett,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma ina roƙo ka kai ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Mun ci. Huɗu da uku. Daga ɗaya ga Yuli ba jirgin yawo da zai sake tashi daga filin nan, sai na asibiti da na 'yan sanda. Na fara da wannan ne don sauran ba daɗi.

Cikin taran, huɗu suka zo. Concetta ta ƙarar da minti biyunta a kan askin lauya. Kamfanin kuwa ya kawo ma'aikata talatin da riga iri ɗaya. Wata makanikiya ta yi maganar 'ya'yanta uku da kuɗin haya, ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don ba ƙarya take yi ba. Daga nan Desmond ya jawo makirfo ya ce, "Na ji waɗanda ƙarar ta dama. Har yanzu ban ji wanda ta cutar ba." Da jin haka na san mun faɗi.

Katina ne na ƙarshe. Na rubuta jawabi mai kyau a kan tagogi da darajar gidaje. Na sa hannu a jaka zan ɗauko shi, sai hannuna ya faɗa kan wasiƙarka. Zan iya ce maka kuskure ne, amma ban taɓa yi maka ƙarya ba. Na san wadda na ɗauko.

Na karanta, Emmett. Na karanta yadda kana ɗan shekara sha tara a Biyetnam kake ɗaukar waɗanda aka harba zuwa inda jirgi zai sauka. Na karanta maganar abokinka Lyle, yadda ka rungume shi a cikin ciyawa kana ce masa ga jirgi nan, ga shi nan, jirgin ya sauko har kuna jin iskarsa, harbi ya yi yawa, ya ɗaga ya tafi. Na karanta inda ka ce kullum ƙarar tafiyar kake ji, ba ta zuwan ba. Ban faɗi sunanka ba, na ce wani mutum ne a garin nan. Jar fitilar minti biyu ta kama, Misis Briggs ba ta taɓa gudumarta ba.

Da na gama, lauyan ya miƙe a hankali. Ya ce yana girmama duk wanda ya rubuta wannan, amma dokar majalisa ba ta karɓar shaidar da ba mai ita, kuma zauren ya riga ya ga yadda wannan baiwar Allah ke magana da bakin mutane da yawa. Misis Briggs ta duba takardunta. Sannan ta ce, "Misis Dombrowski, suna da adireshin mai maganar. In babu, dole in sa a goge ta daga rubutun zama."

Kyamarar tashar gari tana kaina. Na san abokanka na zauren tsofaffin sojoji suna kallo, waɗanda kuke karta da su duk Alhamis ba ka taɓa gaya musu komai ba. Na tuna layin da ka ja. Na tuna dillali da awonsa. Sai na ji bakina ya ce Emmett Dombrowski, lamba goma sha huɗu, Titin Alder.

Da ƙuri'a ta zo kan Desmond, sai da aka kira sunansa sau biyu kafin ya ce kada a sabunta. A waje mutane suka yi ta rungumata. Makanikiyar nan ta wuce ta gabana ta tafi. Ni kuwa na zagaya bayan mota na yi amai.

Na yi maka alkawari na karya. Ba na so ka fara ji daga wani, shi ya sa zan kai wannan gidan waya da kaina yanzu.

Matarka, in har ka yarda,
Lorraine

Port Alden, 14 ga Yuli

Emmett,

Ina gaishe ka. Yaya Bernadette ta ce gwiwar ta yi sauƙi, na gode wa Allah.

Bayan mako biyar amsarka ta zo. Na juya takardar gaba da baya ko akwai ƙari, babu, layin nan ɗaya ne: "Ke na rubuta wa." Na sani. Na tambayi kaina ko da za a maimaita zan yi shiru, kuma har yau ban samu amsar da zan iya rubuta maka ba.

Unguwa ta yi tsit. Ashe ana jin kogi daga baranda, na manta. Ana jin rediyon Concetta da tarin Hector. Har yanzu hannuna kan kai kan waya bayan kowane minti shida.

Ranar Alhamis Rudy abokin kartarka ya zo. Bai shiga ba, ya wuce lambu ya ɗaure tumatirinka ɗaya bayan ɗaya. Da zai tafi ya ce, "Ki gaya masa ni ƙarƙashin mota nake shiga in jirgi ya wuce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na ce wa dillali ya dakata. Ban kore shi ba, don gidan namu ne mu biyu, kuma na daina yanke hukunci da sunanka.

Motar garin Yaya Bernadette tana isowa huɗu da minti goma duk Asabar. Na je tasha Asabar ɗin da ta wuce, zan je mai zuwa. In ba ka sauko ba, zan dawo gida in zauna cikin shirun nan. Da sirrinka na sayo shi, ga shi kuma ni kaɗai nake jin sa.

Ina jiranka,
Lorraine